Daga Zongo zuwa Vêdoko: yadda ɗaliban sinima ke zana tallar fim kafin su kunna kamara

Ɗalibin da ke koyon aikin fim a Kwatano yakan samu kamara ne ta aro, ta kwana ɗaya ko biyu. Ƴan wasansa abokan karatu ne da za su koma aji da safe, kuɗin mai da na abinci kuwa daga aljihunsa suke fita. Idan fim ɗin na faɗuwar gaba ne, irin wanda mai kallo ke zama a ɗarare yana jiran abin da zai faru, kuma ana son a fara fitar da tallarsa don neman tallafi ko shiga gasa, to kwana biyun nan ba sa ɗaukar kuskure. Shi ya sa malaman wannan sana'a ke matsa wa ɗalibai su fara zana fim ɗin a takarda, hoto bayan hoto, kafin a taɓa kamara.

A azuzuwan da ake koyarwa da Faransanci, irin na makarantar ISMA da Kanar Marcellin Zannou ya kafa a Kwatano a 2006, ana kiran wannan zane story-board, wasu kuma su ce scénarimage. Da Hausa ana iya ce masa allon labari, kuma sunan ya dace, domin duk wanda ya yi makarantar allo ya san amfanin abin da ake rubutawa a wanke a sake ba tare da asara ba. Talla kuwa ita ce bande-annonce, wadda ƴan Kannywood ke ce wa tirela.

Allon labari jerin ƙananan akwatuna ne a kan takarda. Kowane akwati na wakiltar ɗauka ɗaya, wato abin da kamara za ta gani daga lokacin da aka kunna ta zuwa inda za a yanke. A ciki ana zana mutane da wuri, a sa kibiya mai nuna inda mutum ko kamara za su motsa. A ƙasa ana rubuta lambar ɗaukar, da daƙiƙoƙin da za ta ci, da sautin da za a ji, da maganar da za a faɗa idan akwai.

Dabarar ta samu siffarta ne a kamfanin Disney na Amurka a farkon shekarun 1930, inda ake liƙa zane-zane a bango a jere, kuma ana yawan ambaton gajeren fim ɗin Three Little Pigs na 1933 a matsayin wanda aka fara zanawa gaba ɗaya ta haka. Daga baya masu fim da mutane suka ɗauka. Misalin da kusan kowane ɗalibi ke ji a aji shi ne na Psycho, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960. Kisan banɗakin da ya sa fim ɗin ya shahara bai wuce ƴan mintuna ba, amma an ɗauke shi daga kusurwa 78, an yanka shi sau 52, an kuma kwashe kusan mako ana aikinsa, bisa zanen da Saul Bass ya shirya tun da farko. Akira Kurosawa na Japan ma, lokacin da ya rasa mai ba shi kuɗin fim ɗin Kagemusha wanda ya fito a 1980, zama ya yi yana zana hotunansa da fenti. A nan kusa kuma, Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya yi La Mort de Gandji a tsakiyar shekarun 1960, da alƙalami ya shiga sinima, domin shi mai zane ne tun kafin ya riƙe kamara.

Abin da talla ke ɓoyewa

Kuskuren farko da ɗalibai ke yi shi ne ɗaukar talla a matsayin taƙaitaccen fim. Sai su zana farko da tsakiya da ƙarshe a cikin minti biyu, mai kallo ya gama ya san wanda ya yi laifin da yadda aka kama shi. Daga nan ba shi da sauran dalilin neman fim ɗin.

Masu kallon finafinan Hausa sun saba da wani salo dabam. Tun daga Sangaya, wanda ya fito wajen shekarar 2000, waƙa ce ke jan tallar fim a Kano: ana jin amon, ana ganin rawa da fuskokin taurari, kuma a da wannan kaɗai kan isa a je kasuwa a nemi kaset. Ɗalibin Kwatano ba shi da tauraro, fim ɗinsa kuma ba na soyayya ba ne. Abin da zai sayar tambaya ce da za ta tsaya wa mai kallo a rai.

Hitchcock ya bayyana wannan a hirarsa da François Truffaut, wadda ta fito a littafi a 1966, da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Idan mutum biyu na hira sai bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na ɗan lokaci kaɗan. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun da farko, ya san lokacin da zai tashi, alhali masu hirar ba su sani ba, to duk tsawon hirar zuciyarsa a hannu take. Aikin allon labari a tallar irin wannan fim shi ne a tsayar da wane akwati ne zai nuna wa mai kallo abin da jarumin bai sani ba, da kuma inda za a yanke kafin amsa ta fito.

A ce labarin na wani matashi ne ɗan Zongo mai sana'ar zem, wato babur na haya, abin da ƴan Nijar ke kira kabu-kabu, ƴan Kano kuma acaɓa. Ya sauke fasinja a Vêdoko da almuru, sai da ya koma gida ya ga mutumin ya bar jakarsa a rataye. Cikin jakar akwai waya, wayar kuma ta fara ƙara. Kafin a zana akwati ko ɗaya, ƙungiyar na bukatar ta rubuta jimla guda a saman takarda: me mai kallo zai tafi yana tambayar kansa? Idan tambayar ita ce «wa ke kiran wayar nan, kuma ya san inda yaron yake?», to duk ɗaukar da ta amsa ta sai a cire ta daga talla, kome kyanta. Fuskar mai kiran ba za ta fito ba. Ana iya nuna hannunsa a kan sitiyari, ko motarsa a tsaye nesa da ƙofar gidan, yaron kuma na ciki bai san da ita ba.

Lissafin ba shi da wuya. A gidajen sinima na Amurka a da an daɗe ana ƙayyade talla a minti biyu da rabi, amma ɗalibi da wuya ya bukaci fiye da daƙiƙa 90. Idan aka ba kowace ɗauka matsakaicin daƙiƙa biyu da rabi, za a samu ɗauka 36. Takardar A4 mai akwati shida na nufin shafi shida ke nan. Sai dai ba a raba lokacin daidai wa daida. Akwatunan farko kan yi tsawo, daƙiƙa huɗu ko biyar, don a gane wuri da mutum. Daga inda wayar ta fara ƙara sai su riƙa gajarcewa, har a kai inda kowace ba ta cika daƙiƙa ɗaya ba, sannan baƙin hoto da sunan fim. Da yawa kan ajiye ɗauka guda bayan sunan, marar hayaniya, wadda ta fi sauran tayar da hankali.

A gefen kowane akwati ana rubuta girman hoton da kalmomin da mai kamara ya sani: plan d'ensemble idan ana son ganin unguwa gaba ɗaya, plan moyen idan mutum ne daga sama har ƙasa, gros plan idan fuska ce ko hannu. Da zarar an jera takardun a ƙasa, ido kan gano matsala nan take. Idan akwati goma a jere duk girmansu ɗaya ne, tallar za ta yi sanyi ko da labarin na da zafi.

Zane a ɗaki, zane a titi

Allon da aka zana a ɗaki ba tare da zuwa wurin ba yawanci yakan rushe ranar ɗauka, kuma Kwatano na da dalilanta na musamman.

Na farko shi ne haske. Birnin na kusa da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da rabi da bakwai da ƴan mintuna duk shekara, kuma duhu na biyo baya da sauri. Hasken nan na almuru da ɗalibai ke so, wanda fitilun babura ke fara haskawa alhali sama ba ta yi baƙi ba, kusan minti ashirin ne. Idan allo ya nuna ɗauka takwas a wannan haske, ƙungiyar ta san tun yanzu cewa ko dai ta rage su zuwa uku, ko ta nemi kamarar na yammaci uku. A Zongo kuma lokacin nan shi ne na magariba. Kiran salla daga babban masallacin unguwar da ƙananan masallatai zai shiga kowace na'urar ɗaukar sauti, titi zai cika sannan ya yi shiru, ƴan wasan da kansu za su tafi alwala. Duk wannan a kan takarda ake warware shi. Damina ma haka: wanda zai ɗauka tsakanin Afrilu da Yuli, lokacin babban ruwa, gara ya zana wa muhimman wurare madadi a cikin ɗaki, domin ƙananan layukan yashi da mutanen gari ke kira von kan cika da ruwa.

Na biyu shi ne alkibla. Zongo na can tsakiyar gari kusa da tashar jirgin ƙasa da tashar ruwa, Vêdoko kuma na kan babbar hanyar da ta taso daga Étoile Rouge ta nufi filin wasa na Kouhounou da Godomey. Idan a talla babur na gudu daga Zongo zuwa Vêdoko kuma a akwatin farko ya nufi dama, dole ya ci gaba da nufar dama a sauran akwatunan, motar da ke binsa ma haka. Ranar da mai kamara ya tsallaka ɗaya gefen titi don gudun rana, babur ɗin zai koma nufar hagu a hoto, mai kallo kuma zai ɗauka ya juyo ne ko kuma za su yi karo da motar. Wannan ita ce ƙa'idar digiri 180 da ake koyarwa a aji. Kibiya ɗaya a cikin kowane akwati ta isa ta kare ta, shi ya sa wasu ke haɗa allon da ɗan taswirar titi mai nuna inda kamara za ta tsaya. Mahaɗar Vêdoko kanta wuri ne mai cunkoso da ayyukan hanya, an kuma tsara mata gadar sama da tallafin Japan, don haka wanda ya zana ta a wannan wata ya kyautu ya sake leƙawa kwana biyu kafin ɗauka.

Na uku bai shafi kamara ba, ya shafi mutane. Ƴan zem na Kwatano na sanye da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma lambar ta wani mutum ce na gaske. Idan ɗalibi ya ari riga ya ɗauki bayan jaruminsa yana gudu da jakar da ba tasa ba, ya saka mai rigar cikin labarin da bai san da shi ba, kuma bidiyo a WhatsApp ba ya tafiya da bayani. Idan an zana akwatin tun da wuri, wani a ƙungiyar zai lura, a ɗinka riga marar lamba ko a sauya kusurwa. Haka lambar mota, da allon shago, da fuskar mai wucewa. Benin na da dokar Code du numérique tun 2018 wadda ta ƙunshi kare bayanan mutum, amma ko ba doka, mai shagon da ya ga ƙofarsa a tallar fim ɗin ɓarayi zai nemi wanda ya ɗauka.

Akwai kuma hular kwano. Tun 2024 ƴan sandan Police Républicaine suka tsaurara kamen masu hawa babur ba hula, har da fasinja. Jarumin da aka zana yana tsere kansa a buɗe, don a ga tsoro a fuskarsa, za a iya tsayar da shi kafin a gama ɗaukar farko. Idan ya sa hular kuma fuskar ta ɓace. Mafita a nan ta zane ce: a nuna tsoron kafin ya sa hular, sannan a tafiyar a dogara da idonsa a madubin babur, da hannunsa a kan totur. Bindigar roba ko wuƙa a bainar jama'a ta fi wannan haɗari, domin mai wucewa bai san wasa ake yi ba, kuma a kasuwa ihun «ɓarawo» ba ya jiran bayani. Sau da yawa idan aka duba allon da kyau sai a ga ba a ma bukatar makamin ya fito a hoto.

Takardar da ake nuna wa manya

Allon labari na da wani amfani da ba a cika faɗa a aji ba. Shi ne abin da ɗalibi zai ɗauka ya je wurin mai unguwa, ko Sarkin Zongo, ko limami, ko mai gidan da ake son ara, ya shimfiɗa a gabansu. Bayanin baki cewa «fim ne na laifi za mu yi a unguwa» kan sa dattijo ya ɗaure fuska, kuma yana da hujja. Daga Kwatano zuwa Lome, Akara da Kumasi, mazauna zango sun san yadda wasu ƴan gari ke kallon unguwanninsu a matsayin matattarar baƙi da rigima. Tallar da ta nuna lunguna masu duhu, da masu rawani suna raɗa, da jakar kuɗi, za ta ƙara wa wannan kallo ƙarfi ko da ɗan unguwar ne ya yi ta.

Shafi shida a jere kan nuna wa ƙungiyar kanta abin da take shirin cewa game da unguwarta. Wa ke jin Hausa a tallar, wa ke jin Faransanci? Idan duk mugayen da Hausa suke magana, ɗan sanda da lauya kuma da Faransanci, to an faɗi wani abu ko ba a yi niyya ba. Idan Zongo ita ce gidan da yaron ke gudu zuwa gare shi, inda mai shayi ya san sunansa kuma mahaifiyarsa ke jiransa, haɗarin kuma daga waje ya biyo shi, labarin bai rasa zafinsa ba, ya ma ƙaru, domin yanzu akwai abin da za a iya rasawa. Wannan zaɓi a akwati biyu ko uku na farko ake yinsa.

Harshe na da wani ɓangare na aiki zalla. Fim ɗin da aka yi da Hausa a Kwatano zai bukaci fassarar Faransanci a ƙasan hoto don malamai da alƙalan gasa, musamman idan ana hangen FESPACO ta Wagadugu, wadda ke da sashe na finafinan makarantu. Idan an fara da Faransanci ko Fon kuma, masu kallo a Maraɗi da Kano za su bukaci Hausa. Ke nan kasan kowane akwati ba na mai zane ba ne. Wayar da ke ƙara, idan aka ajiye ta can ƙasan hoto, rubutu zai rufe ta. Kuma jimlar da ba za a iya karantawa a daƙiƙa biyu ba ba ta da wuri a ɗaukar daƙiƙa biyu. Wannan na ɗaya daga dalilan da suka sa tallar da ta yi ƙarfi ba ta cika magana ba. Ta fim ɗin Alien na 1979 babu hirar ƴan wasa a cikinta ko kaɗan.

Siffar akwatin ma sai an yanke shawara a kanta. Allon sinima, irin na CanalOlympia Wologuèdè da aka buɗe a Kwatano a 2017, da YouTube, a kwance suke, 16:9 ko fiye. TikTok da matsayin WhatsApp a tsaye suke, 9:16. Mafi yawan masu kallon tallar ɗalibi a waya za su gan ta. Masu dabara kan ja layi biyu a tsaye a tsakiyar kowane akwati, su tabbatar abin da ya fi muhimmanci na tsakaninsu, ta yadda ɗauka ɗaya za ta yi aiki a wuri biyu.

Wanda bai iya zane ba

Rashin iya zane ba uzuri ba ne. Da'ira a matsayin kai, layi a matsayin jiki, ɗan hanci mai nuna inda mutum ke kallo, sun wadatar, muddin mai kamara zai gane girman hoton da alkibla. Wanda ba ya son zana surar mutum saboda dalilin addini ko wani dalili na iya yin aikin da waya: a je wurin da abokai biyu a daidai lokacin da za a yi ɗaukar, a tsayar da su inda ƴan wasa za su tsaya, a ɗauki hoto ɗaya ɗaya. Wannan hanya ta ma fi zanen hannu gaskiya a wani ɓangare, domin waya ba za ta nuna kusurwar da bango ya tare ba, alhali alƙalami na iya zana ta.

Mataki na ƙarshe kafin aron kamara shi ne a jera hotunan akwatunan a manhajar tace bidiyo ta waya, irin su CapCut, a ba kowanne daƙiƙoƙinsa, a sa sauti na wucin gadi: ƙarar waya, gurnanin babur, numfashi, shiru. Masu sana'ar na kiran wannan animatique. A nan ne ake jin ko tallar na tafiya ko tana jan ƙafa. Kiɗan da za a sa ma a nan ake tsayar da shi, kuma gara a nemi abokin da zai buga sabo da a ɗauko na wani fim, domin YouTube na gano kiɗan da ke da mai shi ya toshe bidiyon, a Benin kuma akwai hukumar BUBEDRA mai kula da haƙƙin mallaka. Sai a nuna wa mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, a tambaye su abin da suke so su sani bayan sun kalla. Idan amsarsu ta yi daidai da jimlar da aka rubuta a saman shafin farko, an samu hanya. Idan sun ce ba su gane wa ke bin wa ba, sai a koma kan kibiyoyi.

Daga nan ake fitar da jerin ranar ɗauka, wanda ba ya bin tsarin labari. Ana haɗa duk akwatunan wuri ɗaya da haske ɗaya: na cikin ɗaki da rana, lokacin da titi ya yi zafi da hayaniya, na Vêdoko da sassafe ranar Lahadi kafin cunkoso, na almuru kuma guda ukun nan a ajiye musu minti ashirin ɗinsu, kowa na wurinsa tun ƙarfe shida. Mai taimaka wa darakta na riƙe da kwafin allon da biro, duk akwatin da aka ɗauka ya soke shi, waɗanda kuma aka yi wa alamar ja tun a gida su ne ba za a mayar da kamara ba sai an same su.